Uwar Aro a Wasan Jirgin Ƙasa

'Yata ta fari ba ta taɓa ce mini Mama ba. Yaya take ce mini, don ta taso ta ji ƙannena suna kirana haka, ni kuma ban hana ta ba. Ni ma ban taɓa kama sunanta ba. In ina son ta zo sai in ce "ke," ko in ce wa wata cikin ƙannenta ta kira mini babbarsu. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka kakata ta yi. A gidajenmu na bayan kasuwar Kafanchan ana jin kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ba ƙi ba ne. Ban dai taɓa zama na tambayi kaina ko mene ne ba, sai shekarar da aka yi wasan jirgin ƙasa.

Wani tsohon malamin makaranta ne ya shirya wasan, kowa Ticha yake ce masa. A filin ƙwallon firamaren unguwarmu za a yi, a sarari, ba rufi. Tarihin ƙasar nan za a nuna da waƙa da kiɗa: yadda mutane suka zauna bisa duwatsu, yadda suka sauko noma, yadda aka shimfiɗa layin dogo har kasuwa ta kafu, kowa ya zo da harshensa. Ya tara matan zumuntar coci da tulunan kiɗansu, da masu busa ƙaho daga ƙauye, da makaɗan kalangu na wajenmu. 'Yata tana koyarwa a firamaren lokacin, kuma tana da murya. Babanta ya yarda, ni kuma ba a ji ta bakina ba, don kowa ya san ba zan ce komai a kanta ba.

An ba ta matsayin 'yar wata mai tuwo a tasha, Bahaushiya ta zamanin da, wadda za ta hau jirgi ta tafi koyon aikin jinya. Matsayin uwar kuma aka ba wata mata daga Zonkwa, shugabar mawaƙan zumunta. Doguwa ce, mai jiki, in ta yi dariya har bakin titi ana ji.

Wata la'asar na taso daga rumfata, da ragowar daddawa da kuka a kaina, na biyo ta gefen filin. Ban yi niyyar tsayawa ba. Sunan 'yata na ji ya fito daga lasifika, da ƙarfi, har sau uku. Ashe Ticha bai sake mata suna a wasan ba. Na raɓe jikin wani mangwaro na leƙa. Matar Zonkwa ta riƙe fuskar 'yata da hannu biyu tana rera mata waƙar ban kwana, tana kiran sunan a ƙarshen kowane baiti, tuluna suna amsawa. Sannan ta jawo ta ƙirjinta. 'Yata kuwa ta kwantar da kai ta lumshe ido, kamar dama can wurin kwanciyarta ne.

Na sauke kayana ban sani ba. Shekara ashirin da huɗu sunan nan yana bakina ban fitar ba, ga wata ta same shi a banza tana ta watsawa a filin ƙwallo.

Da abin ya tsaya a filin da da sauƙi. Amma ya biyo ta gida. "Mama ta ce in riƙa shan ruwan citta saboda murya." "Mama ta ce numfashina ba ya kaiwa." Ranar farko ƙanwarta ta tambaya, "Wace Mama?" Ta ce, "Mamata ta wasa mana." Ina tankaɗe, ban ɗago ba. Wata rana ta dawo da kitso sabo, ƙanana masu kyau, ta ce Mama ce ta yi mata suna jiran masu ƙaho. Ni ban taɓa yi mata kitso ba, kakarta ce ke yi har ta rasu. Wata rana kuma ta shigo da kula cike da gwaten acca, wai Mama ta aiko wa gida. Na ɗanɗana gaban yara na ce gishiri ya yi yawa. Da suka fita na zauna bayan ƙofar kicin na cinye rabi. Gishirin daidai yake. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

Matar ba ta da mugun nufi, kuma shi ya fi ci mini rai. Da ta yi mini wani laifi da na sami abin riƙewa. Ranar kasuwa ta zo har rumfata, fuska a sake.

"Hajiya, sannu da kasuwa! Ke ne maman yarinya na?"

Na ce ni ce.

"Kai, Allah ya ba ki! Wannan yarinya, muryan shi kaman zuma. Na ce wa maigida na, in Hajiya ya yi wasa zan sace shi in kai Zonkwa."

Na yi murmushi, na ƙara mata gyaran daddawa. Da ta tafi na ga na ƙulle ledar barkono na miƙa wa mai sayen kuɓewa.

Ticha ya taɓa sanarwa cewa duk dattijon da ya ga kuskure a wasan ya zo ya gyara, don ba ya son a nuna ƙarya da sunan tarihi. Kwana huɗu ina juya maganar nan. Na gaya wa kaina gaskiya zan kai, kuma gaskiyar ce. Amma na san abin da ya ɗaga ni daga rumfa ranar, ba son tarihi ba ne.

Na same shi ƙarƙashin mangwaron da littafinsa a cinya. Bayan gaisuwa na ce, "Ticha, yarinyar nan ta cikin wasa, ta fari ce wurin uwarta ko tana da yayye?"

Ya duba littafi. "Ta fari ce, Hajiya."

"To akwai gyara. Bahaushiya ta wancan zamani ba za ta kama sunan 'yar fari ba, balle a tasha gaban jama'a. Ba za ta rungume ta ba. Ko kallon ido ba za ta yi mata ba."

Ya cire tabarau. "To me za ta yi?"

"Aikin gabanta."

Sai na ga ya yi murna kamar an ba shi kyauta. Ya ce irin wannan yake nema, abin da ba ya cikin littafi. Nan take ya kira matar Zonkwa ya gaya mata an cire waƙar ban kwana.

"Haba Ticha! Waƙa na? Sati uku ina koyon shi!" Ta juyo gare ni. "Hajiya, da gaske? Yaro zai tafi, uwa zai tsaya kawai kaman itace?"

Na ce, "Haka muke."

Ta daɗe tana kallona, ba da fushi ba. Sannan ta ce, "To. In haka ne gaskiya, zan yi."

Na koma gida jikina sakayau. Har nama na sa a miya ranar. Da 'yata ta dawo ta tsaya a ƙofar kicin.

"Yaya, ke kika je wurin Ticha?"

"Gyara na kai."

Ta ce, "To," ta wuce ɗaki. Daga ranar ban ƙara bi ta filin ba, don na ɗauka na gama da maganar.

An yi wasan wata Asabar bayan an gama haƙar citta. Tun azahar motoci ke sauke mutane daga Zonkwa da Godogodo, 'yan acaba sun cika bakin filin. Na sami benci a tsakiya, cikin matan da ban sani ba. An tara buhunan yashi an lulluɓe da tsohon tanti ya zama dutse. Masu ƙaho suka hau kai suka busa, mata suka sauko da kwanduna suna waƙar noma da harsuna uku. Wani tsoho a gabana yana ta share ido da hularsa. Da jirgin ya shigo, na katako da kwanon rufi, hayaƙin ɗanyar ciyawa yana fita daga bokiti a samansa, filin ya ɗauki ihu. Ni ma na yi dariya. Wasan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Sai aka zo wurin tasha. Kiɗa ya tsaya, saura tulu ɗaya a hankali. 'Yata ta fito da akwatin kwano a kai. Matar Zonkwa tana tsaye gaban tukunyar tuwo, ta ba ta rabin baya, tana goge wani murfin kwano da gefen zaninta. Murfin ba datti, amma tana ta gogewa.

'Yata ta ce, "Zan tafi."

Matar ba ta ɗago ba. Ta ce, "To. Kada ki yar da takardunki."

Shi ke nan. 'Yata ta ɗan tsaya tana jira. Ba abin da ya biyo baya. Ta juya ta nufi jirgi, na ga kafaɗunta suna rawa, kuma na san kukan wasa na san na gaske.

Matar da ke kusa da ni, mai goyo, ta dafa gwiwata. "Baba, kin ga wannan? Anya ita ta haife ta?"

Na gyara zama a kan bencin.

Ta bayanmu ta ce, "Irinsu suna nan fa. Zuciya kamar dutse."

Wani ya ɗaga murya daga can baya, "Rungume ta mana, ke!" Mutane suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Jirgi ya tafi, hayaƙi ya bi shi, matar tana nan tana goge murfi har aka busa ƙaho. Ni kuma ina zaune cikin mutum ɗaruruwa suna zagina ba su sani ba. Na ja mayafina na rufe baki. Abin da na kai wa Ticha da ƙafata, shi aka kafa a tsakiyar gari kowa ya tofa.

Da aka gama, 'yan wasa suka jeru gaisuwa. Matar Zonkwa ta jefar da murfin, ta ruga ta ɗaga 'yata sama cak tana kiran sunanta, filin ya tashi da tafi fiye da na jirgi. Ko a lokacin, da kunyar da nake ciki, kishin bai sake ni ba. Na ce a raina, duba, ta ari tsayuwata an zage ni, ta koma tata an tafa mata. Ta ci biyu.

Na tashi zan sulale, sai ga 'yata ta ratso mutane, ko kayan wasan ba ta cire ba. Ta ce mu tafi tare. Muka bi ta gefen tsohon layin dogo, rana ta yi sanyi. Muka yi nisa. Ni na fara magana.

"Wa ya koya mata goge murfin nan? Ni ban faɗa wa Ticha haka ba."

"Ni ce. Ta ce ba ta san yadda ake tsayuwar ba, in nuna mata."

"Ke a ina kika gani?"

Ta kalli ƙasa. "Ranar da zan tafi kwaleji Zariya. A tashar mota. Murfin kular da kika zubo mini dambu kika yi ta gogewa har mota ta cika."

Na manta da murfin, wallahi. Maganar takardun ma sai a lokacin na tuna tawa ce.

Na ce, "Me kika ɗauka ranar?"

"Na ɗauka kin ƙosa ki koma rumfa."

Muka yi taku kamar goma. Na ga in na bari muka kai gida ba zan ƙara iyawa ba.

Na ce, "Ban koma rumfa ba. Motarku na bi da ƙafa har bayan gari, ban san ina tafiya ba sai da na ga gonaki. Wata mai gasa masara ce ta ba ni kujera, na zauna wurinta har la'asar. Rumfar a buɗe na bar ta, awaki suka shiga suka yi ɓarna. Kwana uku ban fita ba, na ce wa babanki zazzaɓi ne."

Ta tsaya cak a kan hanya. Ban kalle ta ba, wani karyayyen tarago na tsura wa ido.

Can ta ce, "Yaya, me ya sa ba ki gaya wa Ticha wannan ba? Da an sa a wasan. Da ba su zage ta ba."

Na ce, "Wannan ba na wasa ba ne."

Ta matso ta kama hannuna, ta wajen gwiwar hannu, yadda take kama na ƙawayenta. Jikina ya so ya fizge, don ga mutane suna ta dawowa daga filin, wasu ma na sani. Na bar mata shi. Muka wuce masu lemo, muka wuce rumfar mahauta inda ba wanda bai san ni ba, ɗaya daga cikinsu har ya daina wasa wuƙa yana kallonmu. Sai da muka shiga lungunmu na ce ta saki haka nan, zufa nake yi.