Igiyar Mahamman

Mahamman bai taɓa buga balo ba, wato ƙwallon ƙafa, ko sau ɗaya. Mahaƙin rijiya ne daga Bader Goula, ya yi shekara goma sha bakwai yana shiga ƙasa, har ranar da gefen wata rijiya ya rufto masa a gwiwa. Ya dawo Dakoro da ɗingishi, da matarsa Habi, da igiya ɗaya mai tsawon gaba ashirin da takwas.

Samarin unguwar Zango suna da ekip, wato ƙungiyar ƙwallo, amma filinsu gonar aro ce. Da damina mai gona ya shuka wake, bayan girbi sai a sake auna fili, a sake kafa sandunan gola. Kowace shekara sai an yi rigima kan inda layi yake. Mahamman ya gaji da hayaniyarsu a bayan gidansa, ya fito da igiyarsa ya ce tsawo igiya biyu, faɗi igiya ɗaya da kwata. Ya bi layin da tokar murhu. Daga nan aikin ya zama nasa, shekara ashirin ba wanda ya ja da shi.

Sai abubuwa suka canza. Ƙananan ekip uku na unguwanni suka haɗe suka zama ɗaya, aka shirya gasa da Azagor da Bader Goula da wasu garuruwa, aka ce kowane ɗan wasa sai da kati mai hoto. Fili ma sai an zo an duba. Wanda bai kai ƙa'ida ba, ekip ɗinsa ta riƙa karɓar baƙi a garin wasu.

Mai dubawar ya zo daga Maradi da metir na awo a jaka, sunansa Mushe Yazidu, wato Malam Yazidu a bakin ƴan Faransanci. Ya ja, ya rubuta, ya sake ja.

"Tamanin da biyu," ya ce. "Mafi ƙanƙanta da nake karɓa tasa'in. Wa ke auna muku?"

Rashidu, kaftin ɗin ekip, ya nuna Mahamman da haɓa.

"Igiyata ba ta ƙarya," in ji Mahamman. "Ashirin da takwas ce. Da ita na shiga rijiyoyin da ban ga ranar da metir ɗinka zai shiga ba."

"To Baba, auna ta mu gani."

Mahamman ya buɗe hannuwa ya soma ƙirga a gaban jama'a. Igiya ta ƙare a ashirin da uku. Ya sake, ta sake ƙarewa nan. Wani tsohon ɗan wasa ya fashe da dariya ya ce, "Ashe shi ya sa! Mu kam muna ta mamakin yaran yanzu ba su gajiya."

Mahamman bai yi dariya ba. Rashidu ya riga ya soma cewa gara a nemi mai ilimin lakwal, ɗan boko, ya karɓi awon. Mushe Yazidu ya ba su kwana huɗu.

A gida Mahamman ya jefa igiyar gaban Habi tana tankaɗe.

"Ke, ina gaba biyar?"

Ta dubi igiya, ta dubi awaki. "Malam, kana tsammani da mi nake ɗaure su duk shekarun nan? Da addu'a? Kamu ɗaya nake yanka, in ƙone bakin."

"Kin rage ma gari hili!"

"Ni ban taɓa hili ba. Kai da ke da ido, ba ka ga gola na matsowa ba?"

Gaskiyarta ce, kuma ya sani. Ya yarda da igiya har ya daina ƙirga.

Ƙasar da aka rasa tana nan, sabara da ƙarangiya ne suka cinye ta. Ranar kasuwa Habi ta tafi wurin masu igiya ta zaɓo sabuwa da kanta, ta ce kada ta ji wata magana. Washegari ta tara matan layinsu da tsintsiya, samari suka zo da gatari, Mahamman yana gaba yana nuna inda za a sare. Rashidu ya kawo aron metir daga wani magini. Mahamman ya ce ya ajiye tukuna. Ya auna da hannuwansa, gaba hamsin da shida, ya kafa turke, ya zuba toka.

Rana ta huɗu Mushe Yazidu ya dawo. Mahamman ya tsaya nesa. Aka ja metir daga turke zuwa turke.

"Ɗari da ɗaya." Mushe Yazidu ya auna faɗi, ya auna kusurwa huɗu, ya ɗaga kai. "Baba, da mi ka daidaita kusurwan nan?"

"Da ido. Wanda ya haƙa rijiya ta karkace, shi take fara binnewa."

Mushe Yazidu ya sa hannu a takarda. Ya ce filin Azagor ma a karkace yake, ko Baba zai bi shi a mota mako mai zuwa? Rashidu ya yi saurin cewa a'a, sai bayan wasan Lahadi, don su ma suna bukatar mai awonsu.

Ranar Lahadi aka yi kunnen doki da Bader Goula, ɗaya da ɗaya. Kafin a tafi hutun rabi ƴan Zango duk sun dafa gwiwa suna haki, Rashidu ya ratso ta bakin layi.

"Baba, ka kashe mu."

"Ka koma ka gudu," in ji Mahamman. "Haka ubanka ya buga shi."