Ranar da Na Cire wa Geji Hula a Madina

Ladanin unguwarmu bai gama gyaran murya ba muka kama hanyar filin jirgin Kano, mu uku. Kamfanin wutar lantarkin da muke wa aiki ne ya tura mu Madina na kwana goma, mu ga yadda ake kula da manyan birekoki, wato makunnan yanke wuta, a ƙasar da zafinta ya fi namu. Maiɗakina ta cusa min yaji a jaka kamar wanda zai yi shekara, ta kuma miƙo min sunayen masu jiran dabino, har da waɗanda rabon da mu gaisa tun bikinmu.

Bari in faɗi wani abu tun yanzu, don shi ne ya bi ni har can. Kujerar da na zauna a jirgin nan asali ba tawa ba ce, ta wani dattijon abokin aikina ce. Shi ya canja robobin wata bireka a tasharmu, ba a jima ba gejinta ya fara nuna gas yana raguwa. Ni na rubuta rahoto cewa aikinsa ne bai yi kyau ba. Aka ba shi takardar tuhuma, aka cire sunansa aka sa nawa, kuma kwamiti zai zauna a kansa idan mun dawo. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ga shi ana maganar rage masa matsayi. Ni kuwa na hau jirgi hankalina kwance, don a ganina gaskiya na rubuta.

Mun sauka da la'asar. Iskar da ta tare mu a bakin ƙofa irin ta gidan burodi ce, amma ba ta sa gumi, sai dai ka ji leɓenka ya bushe. Titunan kuwa sumul, har ɗaya daga cikinmu, wanda ya saba kauce wa ramuka, ya ce shi irin wannan hanya barci za ta sa shi. Muka ajiye kaya muka wuce Masallacin Annabi (SAW). Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba da na hango koriyar ƙubba. Na dai yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Washegari aka haɗa mu da wanda zai riƙa zagayawa da mu, wani dattijo baƙi siriri da kowa a wurin yake kira Ammi, wato baffa. Ɗan ƙasa ne, a Madina aka haife shi, amma kakansa daga ƙasar Haɗeja ya taho aikin hajji da ƙafa bai koma ba. Hausarsa rabi da rabi ce. Zai fara magana kamar a Kano, kafin ya kai ƙarshe ya shige Larabci bai ma sani ba. Shi ya sa hannu a takardar shigarmu tasha, ma'ana duk abin da muka taɓa yana wuyansa. Kullum kafin aiki sai ya tsaya da mu wani ɗan shago kusa da Uhudu mu ci wake dafaffe da suke kira ful da faffaɗan burodi mai zafi, mu kora da shayi mai na'ana'a. Shayin riyal biyu ne, kuma daɗinsa yana nan matuƙar ba ka mayar da kuɗin naira a ranka ba. Daga inda muke zama ana ganin dutsen, ja-ja, da motocin masu ziyara da rumfunan masu sayar da dabino da carbi.

Kwana uku na farko a sababbin tashoshi muka yi su, waɗanda komai nasu yana cikin ɗaki mai sanyi. Rana ta huɗu aka kai mu wata tsohuwa a bayan gari, can arewa da Uhudu, wadda birekokinta suke a fili kamar namu.

Ga waɗanda ba aikinsu ba, bireka ita ce babban makunnin da ke yanke wuta a layin da ke ciyar da unguwanni. A cikinta akwai wani gas da ake kira SF6, shi ke kashe tartsatsin da ke tashi lokacin yankewa. Idan ya yi ƙaranci, birekar na iya fashewa. Shi ya sa kowacce take da geji mai kama da agogo, da allura da launi uku. Kore lafiya lau, rawaya ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin kula, ja kuwa birekar ta kulle kanta ta ƙi aiki. Wahalar ita ce gas yana kumbura da zafi, ya lafa da sanyi. Don haka aka sa wa gejin wani ɗan ƙarfe a ciki mai jin zafi, yana cire abin da zafi ya ƙara, allurar ta nuna ainihin yawan gas ɗin. Wannan duk na san shi tun a makaranta, har ina koya wa wasu.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a wannan tsaftatacciyar tasha, kowane geji an kifa masa rabin farin bokitin nono an ɗaure da waya. Na ce a raina, ashe su ma suna da irin halinmu na ɗaure-ɗaure. Ina son hoton da zan sa a rahoton tafiya, kuma bokitin zai ɓata min shi. Da Ammi ya yi gaba da sauran, sai na kwance wayar ɗaya, na ɗauki hotona mai kyau, na ajiye bokitin a gindin ƙarfe da niyyar mayarwa. Aka kira ni in zo in ga wani abu, shi ke nan na manta.

Muka yi azahar, aka kawo shinkafar buhari da kaza a babban faranti, muka zauna a ƙasa muka yi mata kaca-kaca. Wajen ƙarfe uku ina gyangyaɗi ƙararrawa ta ɗauka. Nan take ɗakin ya rikice da Larabci. Gas ya sauka a bireka ta huɗu, wadda ke kai wuta wani yanki na unguwar Jurf, a irin ranar da ba mai iya zama a ɗaki babu na'urar sanyi. Wani matashin injiniya ya fara waya a kawo tukunyar gas, ana shirin neman izinin kashe layin.

Ammi ya miƙe. Ya sa hularsa ta ƙarfe ya fita, muka bi shi. Ya tsaya gaban birekar ya dubi allurar da ta shiga rawaya, ya dubi bokitin a ƙasa, sannan ya juyo.

"Wa ya cire masa hula?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ni ne, Baba. Hoto na ɗauka."

"La haula! Ya muhandis, taɓa gilashin nan." Na taɓa, na janye hannu da sauri. "Yanzu taɓa tankin." Tankin yana cikin inuwar bango, ɗumi kawai gare shi. Ya ce, "Shuf, ka gani? Shi geji zafin jikinsa yake ji, ba na gas ba. Rana ta dafa shi, sai ya zaci gas ɗin ma haka ya dahu, ya cire abin da babu. Gas yana nan, wallah. Mu ba mu yarda da maganar geji sai da asuba."

Ya mayar da bokitin ya ɗaure. Duk da haka bai tsaya nan ba, ya sa aka kawo na'urar shinshino gas ya bi kowace mahaɗa da ita, ba ta yi ƙara ba. Ya buɗe littafin da suke rubuta awon asuba, allurar ba ta motsa ba wata da watanni. Muka tsaya a inuwa muna kallo, kafin a kira la'asar ta hau kore a hankali. Aka fasa kashe layi. Ammi ya sha faɗa a waya daga manyansa, ina ji yana ta cewa "ma'alesh, a yi haƙuri, baƙo ne," kuma ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba.

Abokan tafiyata suka samu abin tsokana, har muka dawo mai cire hula suke kirana. Ina dariya tare da su, amma hankalina ya koma gida. Birekar tasharmu ta Kano yamma gejinta yake kallo, ba abin da ya kare shi. Kuma duk awon da na kafa hujja da shi a rahotona bayan azahar na ɗauke shi, don lokacin ne nake samun sukunin leƙawa. Har sau biyu na sa aka ƙara mata gas.

Da yammar nan Ammi ya kai mu gidansa a Jurf. Aka kawo tuwo miyar kuka kusa da shinkafar Larabawa, ga tsire da su suke kira siriya. 'Ya'yansa manya suna jin duk abin da muke faɗa, su ba mu amsa da Larabci. Na ci na ƙoshi, sannan na ja shi gefe na ba shi labarin dattijon abokin aikina da rahoton. Ya ce, "Kira su a duba gobe kafin rana ta fito. In kai ne ka yi kuskure, halas, shi ke nan, ka faɗa da bakinka."

Na kira mai aikin dare na tasharmu na roƙe shi ya duba gejin da asuba ya turo min hoto. Bayan sallar asuba hoton ya shigo wayata. Allurar ba ma a tsakiyar kore take ba, ta kusa ƙure shi. Babu wani yoyo, ni ne na yi ta ɗura wa lafiyayyar bireka gas.

Sauran kwanakin sun yi min daɗi, don na riga na san abin da zan yi. Muka ziyarci masallacin Ƙuba, muka sayi dabinon ajwa bayan ciniki mai tsawo da wani ɗan Nijar da ya gane mu tun daga tafiyarmu. Ranar ƙarshe muka ɗaura harami a Bi'ir Ali cikin cunkoson manyan motoci, muka yi Umara, muka tashi ta Jidda.

Na sauka Kano ranar Lahadi. Litinin da safe na miƙa takardar janye rahotona, na rubuta ƙarara cewa kuskuren awo nawa ne, shugabanmu ya wanke ni tas da faɗa kuma na cancanta. Muka rage gas ɗin da ya yi yawa, na yanka farin bokitin fenti na yi wa gejin hula. Kwana biyar muna duba shi safe da rana bai sauka ba, kwamiti ya rufe maganar. Abin da na koyo a tafiyar nan bai wuce wannan ba: na san yadda geji yake aiki, amma ban taɓa sa hannu na ji zafinsa ba kafin in rubuta sunan mutum.

Ranar Asabar na ɗauki dabino mafi kyau na tafi gidan dattijon. Ya shimfiɗa min tabarma, ya saurare ni har na gama ba haƙuri. Ya ce ya yafe, ya tambaye ni ko na yi masa addu'a a Rauda, na ce na yi. Sai ya ɗauki dabino ɗaya yana juya shi a hannu.

"Injiniya, ka tuna sau biyu ina ce maka ka zo da asuba mu duba tare? Ka ce min kana da mitin."