Jar Akuya Mai Tsaga a Kunne

Bana shekara bakwai ke nan da muka raka yayana, Alhaji Idi, makwancinsa a Madarunfa. Har yau in na ga jar akuya mai tsaga a kunnen hagu sai na tsaya ina kallonta, har mai ita ya zaci tayawa zan yi.

Alhaji ya samu dukiya, ba a magana. Motocinsa na kaya ba sa hutawa tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa. Amma bai gina komai don a rubuta sunansa a jiki ba, awaki ya sa a gaba. Duk macen da miji ya rasu ya bar mata yara, sai ya tsaga kunnen jar akuya mai ciki ya aika mata. Nono da 'ya'yan nata ne. In an yaye su, sai ta ja uwar ta kai wa wata mai irin halinta. Sharaɗin ke nan, kuma bai taɓa bin sawu ba. Abokansa suka sa masa Sarkin Awaki, ya yi dariya ya ce ya karɓi sarautar.

Ina ma ya ga masu kuɗin yanzu, da ba sa ba da tiyar gero sai an kira ɗan rediyo! Na san kai kawai zai girgiza.

Da ya rasu, na ɗauka abin ya bi shi. Ashe matan ba su bari ba. In uwa ta tsufa, da kansu suke tsaga kunnen 'yarta ta maye gurbinta.

Bara, da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, fatake daga ƙetare suka riƙa sayen dabbobi da tsadar da ba mu taɓa ji ba. A ƙauyen Safo akwai Tabawa, wadda ɗaya daga cikin awakin nan ke hannunta. Rumbunta ya ƙare, damina da saura, 'yan awakin da ta samu ta riga ta sayar, ga dillali na ta zarya ƙofar gidanta. Da ta sayar da uwar, wallahi ba mai tuhumarta, ni ma ba zan ga laifinta ba.

Ranar kasuwa na gamu da ita a hanya, tana janye da akuyar. Na zaci sayar da ita za ta yi. Na ce, “Tabawa, kasuwa za a?”

Ta ce, “A'a Baba, garin Sarkin Yamma za ni. Akwai wata can, Hajo, mijinta ya rasu da azumi.”

Na ce, “To ke da yaran hwa?”

Ta gyara igiyar a hannunta ta ce, “Allah na nan. Ni ma kawo mani anka yi.”

Motocin Alhaji an raba su gado, ɗaya ma tana bayan gida tana tsatsa. Tabawa kuwa ba ta taɓa ganinsa ba, ko sunansa ba ta riƙe ba. Na tsaya bakin hanya ina share hawaye har suka ɓace mini, ita da akuyar. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya kai haske kabarinsa.