Mangwaron Mai Aski

Duk layin ba mai kiransa da sunan yanka. Aski yake yi tun yana saurayi, amma sunan da ya bi shi shi ne Baba Bokiti, don kullum da safe kafin ya buɗe shago za ka gan shi yana rangaji da bokitai, ruwa na jiƙa masa ƙafar wando.

Shagon nasa ɗan ɗaki ne mai rufin kwano: kujera ɗaya, madubi da ya tsage a gefe, sai fanka da ba ta juyawa sai an zungure ta da mataji. Da can layin cike yake da manyan bishiyoyi. Aka bi su da gatari ɗaya bayan ɗaya, wannan zai fitar da shago, wancan yana son wurin ajiye mota. Tun daga nan, rana na ɗagawa shagon ya koma tanda. Mai aski na gumi, wanda ake wa askin na gumi, gashi duk ya manne wa mutum a wuya.

Kowa na kukan zafi, amma shi kaɗai ya sayo dashe ya bi layin yana haƙa ramuka. A gidansa kuwa ya kafa doka, ruwan ɗaurayar kwanuka ba a zubar da shi a kwata.

"Malam, ka ishe ni!" in ji matarsa. "Wata rana gumin goshina ma cewa za ka yi in tara maka."

To, me ya samu? Awaki suka cinye na farko. Ya yi shinge da waya, wani ya kwance wayar ya yi akurkin kaji. Mai gidan da ke kusurwa ya tuge nasa, wai saiwa za ta fasa masa katanga, bishiyar da ko gwiwa ba ta kai ba! Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne masu zama a kujerarsa suna "Allah ya saka da alheri, Baba," su fita su cusa ledar ruwa a gindin dashen. In ya yi magana a ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ƙarshe dai guda ta rage, mangwaron ƙofar shagonsa. Ya yi shekaru yana lallaɓa ta har ta wuce rufin kwano, inuwarta ta fara sauka a bakin ƙofa. A shekarar da ta fara fure sai ga gara. Kullum ya kankare ƙasar da ta ɗora a jikin bishiyar, ya barbaɗa toka, yana mita.

Ana cikin haka aka kwantar da babbar 'yarsa a asibitin wani gari, dole ya tafi. Ya kai bokitansa garejin da ke maƙwabtaka da shi, wurin bakaniken da yake tsokana da Injiniya. Mutumin kirki ne, shi kaɗai ne a layin bai taɓa yi masa dariya ba.

"Injiniya, amana ce. Safe da yamma. Garar nan ce kawai ke damuna."

"Gara? Baba, je ka abinka. Ni da ita mun san juna."

Da 'yar ta samu sauƙi ya dawo, ko gida bai shiga ba ya nufi shago. Tun daga nesa ya hango mangwaron. Ganyen ya yi laƙwas, furen duk ya zube. Jikin bishiyar baƙi ƙirin yana sheƙi, ƙasar gindinta na warin gareji.

Sai ga Injiniya ya taho yana goge hannu da tsumma, baki har kunne.

"Sannu da hanya, Baba! Ka duba, ko ɗaya babu. Bencina da ƙofar garejina duk baƙin mai nake shafa musu, gara ba ta taɓa kusantarsu ba. Duk motar da na yi wa juyen mai sai in ajiye maka man. Har haƙa gindin na yi na tuttula, don ya ratsa sosai."

"Injiniya," in ji Baba Bokiti, "bencinka yana shan ruwa? Yana da saiwa?"

Murmushin Injiniya ya ɗauke. Baba ya buɗe baki zai zazzaga masifa, ya rasa ta inda zai fara. Akuya ka jefe ta, ɓarawon waya ka tsine masa. Wannan fa? Mutumin da bai fasa ban ruwa ko sau ɗaya ba! Baba ya durƙusa ya shiga tonon ƙasar da hannu, ko zai cim ma inda man ya tsaya. Ya tona har hannunsa ya nutse zuwa gwiwa, ƙasar na nan baƙa, tana danƙo.

Injiniya ya tsuguna kusa da shi. "Baba, ka yafe min, wallahi gyara na yi niyya. Gobe zan sayo wata mu dasa a nan."

Baba Bokiti ya zaro hannunsa daga ramin, mai na ɗiga daga yatsunsa, ya nuna masa.

"A wace ƙasar, ɗana?"