Aron Turmi

A Falanko, idan an gama kai hatsi rumbu sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i mukan taru a ɗakin Kaka Delu, mahaifiyar babana. Wutar kara take hurawa, wadda ba ta jimawa, shi ya sa duk mai son tatsuniya sai ya zo da ɗaurin karansa. Ta tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafunta masu faso, ta ce, "Ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi ya tafi wurin uwarsa."

Akwai tatsuniya guda ɗaya da ba mu so, ita kuwa ba ta gajiya da ita. Babu dodo a ciki, babu kura, babu waƙa. Wai a shekarar fara, wata mata rumbunta ya ƙare, kunya ta hana ta roƙo. Kullum da hantsi, in matan gari sun fara daka, sai ta zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta bugawa, don kada a ce gidan wance shiru. Maƙwabciyarta ta kasa kunne, ta ji ƙarar ba ta hatsi ba ce. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta shigo ta ce turminta ya tsage, a ara mata. Da ta maido shi, akwai surfaffen hatsi kwance a ƙasansa. Ta ce hannunta ne ya gaji, ta kasa kwashewa duka.

Mukan ce, to sai me ya faru? Kaka ta harare mu ta ce, "Sai suka ci tuwo. Me kuke so ya faru da ya wuce wannan?" Mu kuwa mu yi tsaki a ɓoye, mu koma tonon gyaɗa.

Yau Kaka ta daɗe a ƙasa, ni kuma ina aure a Belbeji da 'ya'ya uku. Bara ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba. Mijina ya tafi Libiya nema, wayarsa ta daina shiga. Na cire kunya na je wurin yayansa, wanda na san rumbunsa bai taɓu ba. Ya yi mini doguwar nasiha a kan haƙuri, ya rako ni har bakin ƙofa. Matan da na sha yi wa aikin biki suka koma gaishe ni daga nesa, kada gaisuwa ta zama roƙo. Ban yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu. Na dai gaji da mutane, na sa a raina kowa kansa ya sani. Ko dakan ƙaiƙayi ban yi ba, na kife turmina a gindin danga.

Wata safiya, yara na lasar ragowar kunun jiya, sai ga sallamar Tamu, Buzuwar da ke bayan dangarmu. Tun da awakinta suka cinye mini wake muka yi cacar baki, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Ta tsaya tana kallon gefe ta ce, "Uwar Sani, ara mini turminki, nawa ya tsage."

Da asubar nan na ji dakanta, lafiyar turminta lau. Na nuna mata shi da baki, ta mirgina abinta ta fita. Kafin azahar ta dawo da shi, an rufe bakinsa da faifai. Ta ajiye, ta ce 'yarta ba ta iya kwashe turmi ba, in yi haƙuri. Ba ta jira na buɗe ba.

Na zauna a gabansa na yi kukan da ban yi ba a ƙofar yayan mijina. Tamu ba ta san Kaka ba, ba ta taɓa jin tatsuniyar ba, shirun gidana kawai ta saurara. Har yanzu mijina bai kira ba, gajiyar ma tana nan. Amma na daina cewa babu mutane, kuma na gane abin da ya sa tsohuwar nan ba ta ƙara wa labarinta komai ba. Ran nan na ɗauki taɓarya na yi daka da ƙarfi, yadda za a ji ta bayan danga.