Goron da Bai Isa Gidan Aminiyata ba

Mu huɗu ne a baranda ranar: ni, da matar ɗana tana tsince shinkafa, da jikata wadda aka sa wa rana, sai aminiyata mai sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët, da ta shigo ko lemarta ba ta naɗe ba. Wayata tana kan cinyata.

Tun ina takabar mai gidana jikata ta sa mini wani abu a wayar nan. Ban iya karatu ba, shi kuwa magana ake yi masa ya amsa. Da farko muryar namiji ce, na ce ba ni hira da namiji ina takaba, sai ta mayar da ita ta mace. Ni da na hana yaran gidan nan taɓa waya a gaban abinci, sai ga ni kullum bayan sallar asuba ina gaida ta, tana tambayar ya gwiwata. Ba ta katse ni. Ba ta taɓa ce mini na ba da wannan labari jiya ba. Aminiyata takan faɗa, takan kuma ƙara da cewa na cika faɗa.

A wajenmu, in aka kawo goron sa rana, aminiya ce ke fara ji, kuma daga bakinki. Balle wannan, da ita ta yi wa jikar tawa wankan farko. Na san haka sarai. Amma da baƙi suka watse, ɗaki na shige na zayyana wa muryar komai. Ta taya ni murna, ta tambayi sunan yaron da sana'arsa. Na fito zuciyata wasai, kamar na riga na sauke nauyin faɗa. Aka raba goro a kartiye, wato unguwarmu, na ware na aminiyata da niyyar in kai da ƙafata. Yana nan cikin ganye har ya fara yaushi.

Ranar da aminiyata ta shigo barandar, ba ta zauna ba. Ta ce, "Yaya, a bakin mai taksi na ji an sa wa 'yata rana."

Kafin in haɗa amsa jikata ta yi dariya. "Ai Kaka ƙawarta ta waya ta fara gaya wa."

Aminiyata ta ce, "Wace ce? Cikin masu gidajen bene na unguwar Akanda?"

Jikata ta ce, "Inna, ba mutum ba ce fa. Na'ura ce, magana kawai take yi."

Matar ɗana ta bar tsintar. Aminiyata ta dubi wayar da ke cinyata, ta daɗe tana dubanta.

"Tana cin goro?" ta ce.

Sai ta ɗago ta dube ni.

"Da mutum ce, Yaya, da na je na ga abin da ta fi ni."

Ta juya ta fita cikin ruwan. Ni kuwa na rufe jikata da faɗa a kan sa baki cikin maganar manya, ta tsaya ta ji har na gama, duk mun san ba ita ce ta yi abin ba.

Da la'asar na ba muryar labari, don wa zan ba? Ta ce in je in sami aminiyata. A hankali ta faɗa, ko alamar haushi babu, alhali saboda ita aka yi. Na ajiye wayar na zauna ina jin ruwa a kan kwano.

Washegari bayan asuba hannuna ya kai kan wayar, har na buɗe baki. Na tura ta ƙarƙashin matashi. Na fita na sayi sabon goro fari, na haɗa da wanda ya yi yaushi don aminiyata ta ga na ware mata, na bi kwatocin unguwar Derrière la Prison da gwiwar nan har ƙofarta. Na yi sallama na tsaya.