Baba Riƙe-nan, Mai Jera Ƙarafa Daga Dama

Da gari ya fara haske Baba Riƙe-nan zai fito da tsintsiya ya share gaban rumfarsa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci. Daga nan sai ya zauna ya yi shiru. Wanda bai san shi ba zai ce gyangyaɗi yake yi, alhali sauraro yake. Unguwa tana farkawa a kunnensa gida-gida: famfon da ke ɗiga a bayan katanga, keken ɗinkin da aka kwana biyu ba a sa wa mai ba, baron da ke kuka kamar jariri duk juyin taya. Rana tana shigowa ta hujojin kwanon rumfar, ta sauka ɗigo-ɗigo a kan gwangwanayen da ya cika da notuna da kusoshi, har wurin ya yi kama da sama mai taurari da aka kifo ƙasa. A cikin wannan haske ya yi shekara ashirin da shida, bayan wasu ashirin da ya yi yana kula da injunan wata masaƙa da aka daɗe da rufewa.

Sunan ba na yanka ba ne, hali ne ya jawo masa. Ka kawo masa fankar da ta daina juyawa, ba zai karɓa ba. Zai matsa maka a benci, ya miƙo maka sukundireba ta wajen mariƙi, ya ce, "Riƙe nan." Kai za ka kwance, kai za ka goge, kai za ka mayar. Nasa aikin ido ne da kunne, sai kuma jera duk abin da ka ciro a kan farin ƙyallen, ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idarsa guda ce, kowa a unguwa ya haddace ta: wanda ya fito ƙarshe shi ke fara komawa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Da yawanmu ba mu so wannan hali ba da farko, domin mu mutane ne masu son a yi mana. Abu ya yi tari sau ɗaya, mun ce ya mutu, mun jefar, mun tafi kasuwa muna kukan tsada. Wani direba maƙwabcinmu ya taɓa kawo dutsen gugar matarsa, da aka miƙa masa sukundireba ya ɓata rai, ya tambaya ko in ya je wurin likita shi zai yi wa kansa tiyata. Baba ya ce masa wannan ba tiyata ba ce, ƙaya ce, kuma babban mutum ba ya ɗaukar ƙafarsa ya kai wa wani don ƙaya. Direba ya kwance yana ƙunƙuni, ya tarar waya ce guda ta saki. Yau matarsa tana ƙorafi cewa ba ta isa ta bar rediyo a tsakar gida ba, ko lafiyarta ƙalau sai ya buɗe ya ga abin da ke ciki.

Kai ne ka hana bolar unguwarmu ƙiba, Baba. Kai ne ka sa manjagarar da ta karye ta sake ganin damina, ka sa risho ya yi shekara goma bayan an yi masa ta'aziyya. In mutum ya ratsa layinmu da azahar, lokacin da kowa ya shige ɗaki, zai ji fankoki suna ta juyawa a bayan tagogi, kowace da muryarta, kamar tsofaffi suna lazimi. Babu wadda hannunka ya gyara a cikinsu, kuma babu wadda za ta juya yau ba don kai ba.

Bara hannun nan ya fara rawa. Da farko cokali ne ke ƙara a kofin shayi, daga baya noti ya fara kuɓucewa. 'Yarsa ta kai shi asibiti aka ba shi magani mai sa barci, daga baya ta yanke cewa a ƙarshen wata zai koma gidanta da zama. Bai yi musu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikinsa na ƙarshe, wanda aka yi a gaban idona ranar wata Asabar.

Akwai wata Malama da ke koyarwa a firamare, mijinta ya rasu shekara biyu ke nan. Ya bar mata 'ya'ya uku da lambu a gangaren bayan gidaje, da ƙaramin injin ban-ruwa mai jan ruwa daga rijiya. Ƙanin mijin, wanda kowa ke kira Auta, ya faɗa a gaban dangi cewa lambun na yaran ne, amma ranar da ta kasa riƙe shi zai karɓa ya noma. Ba mugun mutum ba ne, ya dai ɗauka inji ba aikin mace ba ne. A makon da abin ya faru ta yi dashen barkono da tumatir, sai injin ya ƙi. Yana tashi, yana ƙara, ruwa ba ya hawa. Dashe kuwa ba ya jira, kwana biyu a wannan zafi ya kwanta ke nan. Mai gyaran irin waɗannan injuna ya ce sai mako mai zuwa. Auta ya aiko cewa zai kawo nasa injin da la'asar, ya ƙara da cewa inda injinsa ya shiga shi ma ya shiga.

Da hantsi 'yar Baba ta riƙo shi har lambun, ta zaunar da shi a gindin mangwaro ta koma. Ya sa Malama ta tayar da injin, ya karkata kai ya saurara, ya ce iska yake sha maimakon ruwa, yashi ya cinye zoben da ke tare ruwa a bayan fankar ciki. Yana da sabo a aljihu. Aka shimfiɗa ƙyalle. Ta kwance murfi, ta ciro fankar, ta zare wasu ƙananan zobba huɗu daga kan sandar da fankar ke juyawa, na roba da na ƙarfe da wani fari kamar tangaran. Tana miƙa masa yana jerawa da hannu mai rawa, kowane sai ya yi kamar zai faɗi sannan ya zauna. Ya cire cinyayyen, ya aje sabon a gurbinsa.

Sai magani ya yi aikinsa. Kansa ya jingina da itacen, inuwar ganye tana yawo a fuskarsa, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar yana murɗa wani noti a mafarki. Wa ya sani, ƙila ya koma masaƙarsa, injuna ɗari suna numfashi tare, shi kuma saurayi yana ratsa su. Lambun ya yi tsit, sai kurciya can nesa. Ganyen barkono sun sunkuyar da kai kamar yaran da aka yi wa faɗa.

Malama ta kasa tashinsa, kunya da tausayi suka hana ta. Ta san ƙa'ida, ta kuma ga rana tana tafiya. Manyan ƙarafan ba su da wuyar ganewa, zobban ne suka yi kama da juna. Ta dubi layin, ta ɗauko na ƙarshe ta fara mayarwa, ta bi su har suka ƙare, ta rufe, ta ɗaure, ta cika cikin injin da ruwa, ta ja igiya. Inji ya tashi. Ruwa ya ɓulɓulo ta ƙarƙashi ya jiƙa mata ƙafa, tiyo kuwa yana kwance a ƙasa kamar mushen maciji.

Daidai nan Auta ya iso da injinsa a baro. Ya tsaya ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Matar Yaya, ashe ƙafafunki kika dasa? Na ga su kike ba ruwa."

"Auta, da baki ake ban-ruwa da tuni ka mai da garin nan tafki. Aje baronka can, kada ka take mini dashe."

Ta faɗa da dariya, amma muryarta ba ta yi dariya ba. Ƙarar injin ce ta tashi Baba. Bai tambayi komai ba sai da ya saurara, sannan ya ce ta kashe, ta nuna masa gefen ƙyallen da ta fara ɗauka. Ta nuna dama. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"'Yata, ke allon bango kike rubutu, ni a allon itace na koya. Ƙarshen layinki shi ne farkon nawa."

Tun yana yaro daga dama hannunsa ke fara layi, haka yake jera ƙarafa. Ita kuma shekara goma sha takwas tana rubuta wa yara darasi daga hagu, idonta ya je ƙarshen layi inda ya saba zuwa. Ta mayar da zobban a juye. Baba ya ce laifin nasa ne, duk shekarun nan bai taɓa barin wani da ƙyallen shi kaɗai ba, kullum yana farke yana miƙawa, don haka bai taɓa sanin abin yana buƙatar faɗi ba. Ku lura da wannan, ku masu ganin girma ya hana ku cewa na yi kuskure. Mutumin da ya haura saba'in ya faɗa a gaban ɗalibarsa, bai ragu da komai ba.

Auta ya miƙo hannu, ya ce ta kawo sifanar ya gama mata kafin rana ta faɗi. Ta dubi hannun, ta dubi barkonon, ta dubi Baba. Baba ya rufe ido kamar barcin ya dawo. Na ga yadda ta matse sifanar. Ta ce wa Auta in yana son aiki ga guga can, ya jawo mata ruwa.

Ta sake kwancewa. Da ta ciro zoben farko ta miƙa wa Baba, sai ya ture ƙyallen zuwa gabanta.

"Jera da kanki, yadda idonki ke karatu. Gobe ba ni nan."

Ta jera daga hagu, wannan karon tana juya kowanne tana duban fuskarsa, yana gaya mata wanda ke jingina da wane da dalilin haka. Ta mayar, ta ɗaure notunan bi-da-bi kamar yadda ya ce, kada a matse ɗaya a bar 'yan'uwansa. Auta ya zuba ruwan da ya jawo a cikin injin. Ta ja igiya. Inji ya tashi, ya yi ta ƙara ba komai, har na fara kawar da kai. Sannan muryar injin ta yi nauyi, tiyo ya motsa, ya kumbura daga wannan kai zuwa wancan, ruwa ya faɗa kwari na farko yana tura busassun ganye a gabansa, rana tana wasa a bayansa.

Auta ya daɗe a tsaye. Daga bisani ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki fartanya ya shiga buɗe wa ruwa hanya. Ya ce ai dama shi bai ce ba za ta iya ba, cewa ya yi bai taɓa gani ba. Ya ce zai faɗa wa dangi lambu yana hannun mai shi, amma in barkono ya nuna a tuna da wanda ya ja guga. Ta ce za a tuna, guda uku nasa ne. Injinsa ya koma gida a baro ko igiyarsa ba a taɓa ba.

Baba, mun gode. Ba mu da lambar yabo da za mu rataya maka, kuma na san da mun kawo za ka juya bayanta ka ga yadda aka liƙa fil ɗin. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka sauƙi, ya sa zamanka a gidan 'yarka ya zama hutu. Allah ya sa abin da ka koyar ya riga ka zuwa mizani.

Ku kuma da kuke karantawa, ba tafi nake so ku yi ba. Wanda ya iya wani abu a cikinku, ya daina ɓoye shi kamar asirin gado, ya zaunar da maƙwabcinsa ya nuna masa tun hannunsa yana biyayya. Wanda bai iya ba, ya daina fakewa da ni mace ce, ni ma'aikaci ne, ni ban saba ba. Malama ta ɓata sau ɗaya a gaban mai jiran ta ɓata, ta sake kwancewa. Jiya na bi ta gangaren da yamma, barkonon ya kai gwiwa, ya fara fure.